Faifai na Biyar da na Shida

Shekara talatin da ɗaya ya yi a cikin wani ɗan ɗaki a saman gidan sinima, ɗakin da in ka buɗe hannuwanka za ka taɓa bango biyu lokaci guda. Taga ɗaya ce a ciki, ba ta fi tafin hannu biyu ba, kuma ba don shan iska aka huda ta ba, don haske ya fita ne. Ta nan yake leƙen jama'a. Yakan ce ya san rabin unguwar ta ƙeya kafin ya san su ta fuska. Yanzu sinimar ta zama wurin ajiye tayoyi, shi kuma yana gyaran fanka da dutsen guga a ƙofar gidansa, amma har gobe ba wanda ke kiransa da wani suna in ba Mai Inji ba.

Da shara ya fara, yana ɗan shekara sha tara. Tsohon da ke haska fim a lokacin idonsa ya soma gajiya, sai ya riƙa kiransa sama ya zura masa fim a inji. A haka ya koyi yadda ake bi da zaren fim ta haƙoran ƙarfe ba tare da ya yage ba, da yadda ake liƙe shi in ya tsinke alhali mutum ɗari uku na fito da buga kujera a ƙasa. Inji ɗaya ne a gidan. In faifai ya ƙare, sai allo ya yi fari na minti guda, ya cire wannan ya ɗora wancan, hannunsa na ƙuna da zafin fitila.

Fina-finan ba sababbi suke zuwa ba. Sai sun gama yawo a garuruwa, sun sha hannu, sannan a kawo su cikin gwangwanaye ɗaure da igiya. Farkon kowane faifai da ƙarshensa duk sun gutsure, har rubutun da ke nuna an gama fim sau da yawa babu shi. Abin da ke nuna maka wane ne na ɗaya, wane ne na biyu, lamba ce da wani ya rubuta da alli a bayan gwangwani.

A wancan zamani fim ɗin kaboyi ke tashe, kuma a cikin masu shirya shi akwai wani darakta da unguwar ta ɗauka tamkar ɗan gida. Sunansa ya ƙi zama a bakin kowa, amma a hoton talla an nuna shi da faffaɗar hula, sai aka sa masa Mai Malafa. Shi ne mutumin da zai ajiye maka fuskar mutum a allo, ba magana ba kiɗa, har ka ji numfashin na kusa da kai. Dawakinsa ba sa gudu sai da dalili. In an yi harbi a fim ɗinsa, sau ɗaya ne, kuma sai ka kwana kana jin ƙararsa.

Wata Asabar da yamma aka kawo wani fim ɗinsa na farko-farko, wanda daga baya kowa ke ce wa fim ɗin rijiya. Ruwan sama ya taɓa gwangwanayen a bayan mota, allin biyu na ƙarshe ya wanke. Jama'a sun riga sun zauna. Mai Inji ya ɗaga wannan, ya ɗaga wancan, ya leƙa hoton farko na kowanne a hasken fitila, ya ga duk mutum ne a kan doki. Ya yi bismilla ya ɗora ɗaya.

Ga abin da unguwar ta gani ran nan. Wani manomi ya tsaya wa mutanen ƙauye a kan rijiyarsu da wani mai dukiya ya kewaye da waya. An yi dambe, an ji masa ciwo a kafaɗa. Ya shigo garin da hantsi, ya tsaya a bakin rijiya, bos, wato mai dukiyar nan, ya harbe shi, ya faɗi, guga ya suɓuce ya koma ƙasa. Zauren ya yi tsit. Allo ya yi fari na minti guda. Da hoto ya dawo, sai ga mutumin nan a kan dokinsa, a sunkuye, kafaɗa ɗaure da tsumma, yana nufar gida a hankali. Matarsa ta fito a guje. Ta kawo masa ruwa a kofi, ya sha, ya zauna a dakali. Da gari ya waye ya tsaya a bakin ƙofa, hularsa a hannu, yana kallon gonarsa. Nan fim ya ƙare.

Ba a taɓa yin tafi irin na ran nan ba. Maza manya suka fito suna share ido suna cewa hayaƙin taba ne.

Sai da Mai Inji ya zo naɗe fim ya mayar, sannan ya ga wata 'yar lamba da fensir a cikin murfin gwangwani. Ya haska na shida kafin na biyar. Mutumin ba tashi ya yi ba. Gida ya je tukuna, ya sha ruwan, ya kwana, sannan ya koma rijiyar aka kashe shi. A nan daraktan ya ajiye labarinsa.

Ya ce gobe zai gyara. Goben ta zo, layi ya kai bakin titi, kowa ya jawo ɗan'uwansa ya zo ya ga mutumin da aka harba ya tashi. Ya leƙa ta 'yar tagarsa, ya ga ƙeyoyi sun cika zaure har da na tsaye, hannunsa ya ƙi ɗaukar na biyar. Masu fim ɗin ba su taɓa waiwayar kayansu ba, gwangwanayen suka zauna a gidan, kowace shekara a sake haskawa. Shekara ashirin yana ta da mutumin nan daga bakin rijiya. Mutum ɗaya ya faɗa wa, matarsa, ita ma sai da aka haifi 'yarsu ta fari.

Da a nan maganar ta tsaya, da da sauƙi. Amma yana da abokai biyu da suka gina gardamar rayuwarsu a kan wannan fim. Ɗaya Mai Aski ne, mai shago a kwanar layinsu, gajere mai faɗin ƙirji da ƙarar murya. Ɗayan Hedimasta ne, wanda ya yi ritaya tuntuni amma har yanzu yana magana kamar akwai aji a gabansa. Kowace safiya sukan haɗu a bencin shagon askin, su uku.

Daga baya Mai Malafa ya bar dawaki ya koma fina-finan birni. Ya yi na wani mai kula da tashar jirgin ƙasa da ba jirgin da ke tsayawa, ya yi na wasu 'yan'uwa mata biyu masu gidan burodi. A ganin Mai Aski, ranar da ya sauka daga doki ranar ya lalace.

“Mutumin da ya mai da manomi gida wurin matarsa, yana da imani,” in ji shi, almakashi na tsalle a hannunsa. “Da ya yi suna ya sa kwat, sai zuciyarsa ta bushe. Duk wanda ka so a fim ɗinsa na baya, sai ya binne maka shi. Ni ban biya kujera don in je jana'iza ba.”

“Kai dai doki kake kallo, ba fim ba,” in ji Hedimasta. “Fim ɗin rijiya shi ne kuskurensa guda. Yarinta ce. Ya ji tsoron irinku ne masu buga kujera, ya ta da gawa. Da ya girma ya daina yi wa mutane ƙarya. Je ka kalli na tashar jirgi.”

“Na kalla. Awa biyu tsoho na share dandamali. Ni ma ina shara a nan, ba wanda ya biya ya kalle ni.”

“To ai kai ba ka iya ba ne.”

Sai su juyo su ce, “Mai Inji, raba mu.” Shi kuma sai ya ce shi ta baya yake ganin fim, ra'ayi na masu kujera ne. Suka ɗauka kawaici ne. Shekara arba'in suna ɗaukar haka.

Bara ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da Mai Aski. Hannun dama ya mutu, baki ya karkace. Ranar da Mai Inji ya je duba shi a asibiti, ya sunkuya don ya ji abin da yake ƙoƙarin faɗa, sai ya ji da ƙyar: “Na rijiya ma ya tashi.” Da wannan magana Mai Aski ya koyi riƙe cokali. Da ita ya yi taku uku daga gado zuwa ƙofa, sannan goma. Bayan wata takwas ya sake buɗe shago. Hannun bai dawo duka ba, yana rawa, kuma abokan cinikin da suka rage ba su fi a ƙirga da yatsu ba, amma kullum da safe yana nan yana wasa askarsa.

Sai labari ya zo a rediyo cewa Mai Malafa ya rasu, ya tsufa ƙwarai. Auta, 'yar Mai Inji ta ƙarshe, tana aiki a ɗakin karatu na unguwar. Ta shigo gida da fara'arta.

“Baba, albishirinka. An ba mu izinin nuna fina-finansa uku, ran Asabar da ƙarfe uku. An gyara su tas kamar jiya aka ɗauka. Na ce da na rijiya za mu fara, saboda Baffa Mai Aski. Na riga na faɗa masa, har kuka ya yi.”

Sukudireba ta faɗi daga hannun Mai Inji. Duk shekarun nan abin da ya rufa masa asiri shi ne fim ɗin ba ya yawo, kuma Mai Aski ya rantse ba zai kalli kaboyi a waya ba, wai kamar a sa doki a cikin kofin shayi ne.

Ya zaunar da ita ya faɗa mata komai. Ta yi dariya har ta riƙe ciki, sannan ta dubi fuskarsa ta daina.

“A na'urarku,” ya ce yana kallon ƙasa, “ba a iya sa wani yanki gaban wani?”

“Ana iyawa, Baba. Minti biyar ne. Amma akwai ɗalibai da za su zo, wasunsu sun karanta labarinsa. Kuma sunana ne a takardar.” Ta matso kusa da shi. “In ka ce in yi, zan yi. Ka ce?”

Ya sunkuya ya ɗauki sukudirebarsa. Matarsa, da ke ninke kaya a gefe, ta ce ba tare da ta ɗago ba, “Baban Auta, mutumin nan ya tashi daga gadon asibiti. Ba ƙwai ba ne. Ka je ka faɗa masa da bakinka kafin allo ya faɗa masa a gaban yara.”

“In ya karaya fa? Da maganar nan yake tafiya.”

“Da ƙafarsa yake tafiya.”

Kwana biyu yana kai-kawo. Ran Alhamis ya sammaka, kafin Hedimasta ya fito. Ya tarar da Mai Aski shi kaɗai yana goge madubi da hannun hagu. Ya wuce benci ya zauna a kujerar aski.

“A'a, yau kuma? Kai da ka koma wa yaran nan masu aski da inji tun da na kwanta?”

“Gemu kawai.”

“Ka yi wasiyya dai ko?”

Mai Aski ya yafa masa ƙyalle, ya shafa kumfa, ya dafa goshinsa da hannun hagu. Askar ta sauka a kunci tana ɗan rawa, amma ta san hanyarta. Mai Inji ya rufe ido. Ya ga in bai faɗa yanzu ba, ba zai taɓa faɗa ba.

“Mutumina, fim ɗin rijiya. Ba haka yake ba.”

“Kar ka motsa baki.”

“Ni na juya shi. Na shida na sa kafin na biyar. Ruwa ya wanke lambar. Gida ya fara zuwa, sannan ya koma rijiya. Bai tashi ba.”

Askar ta tsaya a ƙarƙashin haɓarsa. Ana jin fanka na juyawa, ana jin wata mota na ƙoƙarin tashi a waje.

“Ran farko kuskure ne,” in ji Mai Inji. “Sauran da sanina.”

“Ka zaɓi lokacin faɗa,” in ji Mai Aski a hankali. “Wuƙa a wuyanka, hannuna na rawa.”

Ya janye askar, ya naɗe ta, ya koma benci ya zauna. Bai yi faɗa ba, kuma hakan ya fi faɗan ciwo.

“Shekara arba'in kana zaune a nan ina zuba, kana kallona kamar wawa.”

“Ban taɓa ganinka wawa ba.”

“Da ka zo asibiti na faɗa maka maganar nan, ka ce min haka ne.”

“Na ce.”

“Tashi ka tafi.”

Ya fita da rabin fuska a aske, rabi da kumfa. Ranar Juma'a shagon bai buɗe ba. Mai Inji ya wuce ta gabansa sau uku, wai zai sayo wayar wuta. Ya dawo gida ya kwance wata fanka mai lafiya ya sake ɗaurawa.

Ran Asabar aka jera kujerun roba a zauren ɗakin karatu, aka rufe tagogi da labule. Na'urar ba ta fi akwatin takalmi ba, ba ta zafi, ba ta ƙara. Ɗalibai sun zo, tsofaffin unguwa sun zo, Hedimasta na gaba da littafin rubutu a cinya. Mai Inji ya zauna can baya inda ya saba ganin duniya. Yana duba ƙeyoyi ɗaya bayan ɗaya, ba ta Mai Aski. Har Auta ta kashe fitila, sai ƙofa ta buɗe, aka ji sanda na taɓa ƙasa. Mai Aski ya shigo ya zauna a layin tsakiya, bai dubi kowa ba.

Hoton ya fito wasai, har ana ganin zufa a wuyan doki. Aka yi damben, aka ji wa manomi ciwo. Sai ga shi yana nufar gida a sunkuye. Tsofaffin suka fara motsi a kujera, wani ya ce an tsallake, Auta ta ce a yi haƙuri a kalla. Matar ta fito a guje, ta kawo ruwa, ya sha. Gari ya waye, ya tsaya a ƙofa da hula a hannu. Nan Mai Inji ya saba kunna fitila. Yau hoton ya ci gaba. Mutumin ya sa hular, ya ɗaura sirdi da hannu ɗaya, matar na tsaye ba ta hana shi ba. Ya shiga gari da hantsi. Harbi ɗaya. Guga ya koma ƙasa. Sannan ga wani yanki da ya gutsure tun kafin fim ɗin ya iso hannun Mai Inji, shi ma bai taɓa gani ba: mutanen ƙauye sun fito ɗaya-ɗaya, sun kama wayar da aka kewaye rijiyar da ita, suna tsinkawa da hannu.

Fitila ta kama. Ɗalibai suka yi tafi, tsofaffi suka zauna kamar an yi musu sata. Mai Inji ya miƙe, ya ce shi ne ya juya faifan a wancan lokaci, ya faɗi yadda aka yi cikin jimla huɗu. Sai wata tsohuwa ta fashe da dariya ta ce ita dai a zamanin na Mai Inji aka yi mata baiko, ba ta yarda da wannan ba. Zauren ya ɗauka da dariya. Hedimasta ya gyara tabarau ya ce shi dama tun da can ya lura tsumman kafaɗar bai dace da wurin harbin ba.

“Ƙarya kake, Hedimasta!” Muryar Mai Aski ce, ta ɗan karkace amma ta cika zauren. “Shekara arba'in kana zagin mutum a kan laifin da bai yi ba. Ka ce ya ji tsoronmu. Ina tsoron?”

“To ai ka ga abin da nake faɗa. Bai taɓa yi wa mutane ƙarya ba.”

“A kan doki ya faɗi gaskiyar, ba a tashar jirgi ba! Mutum ya isa gida, ya sha ruwan matarsa, ba wanda zai zarge shi in ya zauna. Hannu ɗaya gare shi. Ya tashi ya ɗaura sirdi. Ka nuna min irin wannan a gidan burodi.”

Ɗalibai suka kewaye su, wani na cewa na gidan burodin ya fi, wata na tambayar yadda ake liƙe fim in ya tsinke. Auta ta ce wa babanta mako mai zuwa sai ya zo da wuri ya yi musu bayani, ta ga ma wani tsohon faifai a ɗakin ajiya. Ya ce zai duba.

A bakin zauren akwai matakala biyar, ba abin dafawa. Mai Aski ya tsaya a sama yana auna su da ido. Mai Inji ya tsaya nesa kaɗan, bai san ko ya matso ba.

“Kai ɓarawon faifai,” in ji Mai Aski, bai waiwayo ba. “Tsayawa za ka yi kallona? Kawo kafaɗa.”

Ya matso. Hannun mai rawa ya sauka a kafaɗarsa da nauyi. Suka sauko ɗaya, suka huta, suka sauko ta biyu.

“Ban yafe ba tukuna.”

“Na sani.”

“Mako mai zuwa wanne za ta sa?”

“Na tashar jirgi.”

“Subhanallahi. To ka zo ka ɗauke ni da wuri, kuma kusa da ni za ka zauna, ba can baya ba. In tsohon nan ya fara shara ka tashe ni.”